Teburin da Ake Jin Magana

A Damagaram ko Maraɗi, baƙo ba ya zaɓen inda zai zauna. Mai gida ne ke duba inuwa, ya duba inda iska ke kaɗawa, ya shimfiɗa tabarma nesa da hayaƙin murhu, sannan ya ce bismilla. Idan magana mai nauyi ce, a shiga zaure, a kori yara. Wannan hidima ta bi jikin mutane har ba su lura da ita. Sai Bahaushe ya je ƙasar da ake kama wuri a gidan cin abinci tun kafin a zo, sannan yake gane cewa aikin mai gida ya dawo wuyansa. In bai faɗi abin da yake so ba, teburin da kowa ya ƙi shi za a ba shi.

Wani ɗalibi ɗan Damagaram ya gamu da wannan a Paris, a watan Nuwamba, lokacin da ya je taro a Inalco, makarantar da ake koyar da harsunan duniya, har da Hausa. Bincikensa a kan tsawon wasali ne a bakin mutanen garinsu. Wani tsohon farfesa da ya yi ritaya ya yarda su ci abincin dare tare, ya saurare shi, in aikin ya gamsar da shi ya karanta. Dare ɗaya ne kawai, domin jirgin ɗalibin zai tashi jibi. Ga shi kuma tsohon ba ya ji sosai da kunnen hagu.

Ɗalibin ya sauka ne wurin ƙanen mahaifiyarsa, wanda ya yi shekaru yana aiki a madafar gidajen cin abinci. Da ya nuna masa hotunan wani wuri mai fitilu da madubai, kawun ya girgiza kai.

"Ɗana, ci za ku yi ko magana?"

"Magana, Kawu."

"To ka bar kallon ado, ka nemi inda kunne zai huta."

Daga nan ya shiga lissafa masa. Teburin bakin ƙofa sanyi ne ke dukan sa duk lokacin da aka buɗe. Na kusa da madafa ƙarar kwanuka ce da kai-komon masu kawo abinci. Na kusa da banɗaki ba sai an faɗa ba. Na tsakiyar ɗaki hayaniya ce ke taso masa ta kowane ɓangare. Na waje kuma, wanda suke kira terrasse, yana da daɗi lokacin zafi, amma tun da aka hana shan taba a cikin gidajen cin abinci na Faransa a 2008, nan mashaya suke taruwa, ga kuma ƙarar motoci. Abin nema shi ne kusurwa: bango a baya, bango a gefe, kujera mai laushi.

Duk wanda ya karanci furuci zai ga hikimar wannan shawara. Tun a 1911 likitan nan Bafaranshe, Étienne Lombard, ya bayyana cewa mai magana yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan hayaniya ta ƙaru. Wannan tebur ya ɗaga, na kusa da shi ma ya ɗaga, har ɗakin ya cika da ihu. Mai sauraron harshen da ba nasa ba ya fi kowa shan wuya a irin wannan hali, domin ba ya iya cike gurbin abin da ya kuɓuce masa da sauri kamar ɗan harshe. Ɗalibin zai yi bayani da Faransanci, farfesan kuma zai saurari misalai da Hausa: kowannensu baƙo ne a rabin hirar. Bambancin gari na zama da gari na tuwo tsawon wasali ɗaya ne tak. Wanda yake ihu kuwa yakan ja wasula, abin da aka zo nunawa ya jirkice.

Kawun ya hana shi kama wurin ta intanet, ya ce takarda ba ta tambaya, ba ta amsawa. Ya ce ya kira wajen ƙarfe uku na rana, bayan an tashi daga abincin rana, kafin a shiga hidimar dare, lokacin da mai ɗaukar waya ke da sukunin saurare. Ɗalibin ya tsara jimlolinsa kamar mai shirin jarrabawa. Ya gaisa tukuna, don a Faransa wanda ya tsallake bonjour ya fara da rashin ladabi. Ya ce mutum biyu ne, ƙarfe bakwai da rabi, kafin wurin ya cika. Sannan ya nemi une table au calme, wato tebur inda babu hayaniya, ya kuma faɗi dalili: baƙonsa dattijo ne mai nauyin kunne. Dalilin nan shi ya buɗe ƙofa. Wanda ya ce "ina son tebur mai kyau" ya bar wa ma'aikaci fassara, domin mai kyau a wurin masu yawon buɗe ido shi ne na bakin taga. Wanda ya faɗi bukatarsa kuwa ya ba shi abin da zai yi aiki da shi. Ya ƙara da tambaya ko za a so teburin a wani lokaci, domin wasu gidajen suna zaunar da mutane zubi biyu a dare ɗaya.

Ya riga baƙonsa isa da minti goma. Ya bar masa kujerar jikin bango, shi kuma ya zauna a gefensa na dama maimakon ya fuskance shi, bakinsa kusa da kunnen da ke ji. Suka yi awa biyu ba wanda ya ɗaga murya. Sau uku tsohon ya sa shi maimaita kalma ɗaya, ba don bai ji ba, sai don ya ji abin da ya ba shi sha'awa. Da za su rabu ya ce a turo masa babi na biyu.

Ɗaliban da ke shirin tafiya taro sukan kwashe makonni suna gyaran takarda, su bar wurin zama ga sa'a. Alhali matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar ba ta wuce jimla uku: su wane ne za su zauna, me za su yi, me zai hana su jin juna.