Shekarar 1996: tasu daban, tamu daban

Ranar Asabar na je Birmingham daga Manchester, hira ta kai mu 1996. Turawan nan Euro 96 suke tunawa: ƙwallon da Poborsky ya ɗaga ta kan golan Fotugal a Villa Park, da fenaritin da Southgate ya ɓarar a Wembley.

Ni kuwa Atlanta! Brazil na cin mu 3-1, Ikpeba ya rage, Kanu ya zura biyu. Muka doke Ajantina 3-2, muka ɗauki zinare, ga Tijjani Babangida da Garba Lawal 'yan Kaduna a tawagar. Yarana da aka haifa nan Ingila suke goya wa baya, abin yana damuna. Yaya, in kaset ɗin da Baba ya naɗa yana nan, don Allah a aiko mini.