Tsakanin Girke da Tafi-da-gidanka

Hausawa kan ce zamani riga, sai dai ba su faɗa mana yadda za a yi da tsohuwar riga ba idan sabuwa ta samu, balle a ce ta gado ce. Wannan tambaya ce ta sha mana kai a hutun ƙarshen zangon karatu da ya wuce, sa'ad da muka taru a gidanmu da ke Sabon Ibadan domin yanke shawara a kan wayar da ke girke a falon mahaifiyarmu.

Ya kamata mai karatu ya san asalin wannan waya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, falken goro ne, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da suka sami layin NITEL a unguwar, 'yan shekaru bayan kafa kamfanin a 1985. A wancan lokaci layukan tarho da ke faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, saboda haka wayar gida ɗaya ta unguwa ce baki ɗaya. Tun muna ƙanana muka haddace cewa 064 Kano ce, 062 Kaduna, 060 kuwa Sakkwato. Idan ta yi ƙara, duk wanda ke kusa shi ke ɗauka, ya gaisa da mai kira, ya tambayi mutanen gida, sannan a aiki yaro da gudu ya kira wanda ake nema. Ta bakin wannan waya farashin goro ke isa Arewa, ta nan kuma labarin haihuwa da na rasuwa ke iso mana.

Da wayar salula ta GSM ta shigo a watan Agusta na 2001, sai layukan girke suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka kai ga sayar da kadarorin kamfanin a 2015. Namu layin ma ya bi sahu. Amma Inna ba ta yarda teburin ya zauna wayam ba. Aka sayo mata wayar tebur marar igiya mai manyan lambobi, ta girke ta a gurbin ta dā, ta lulluɓe ta da ƙyallen da ta saƙa da hannunta. A wurinta, wayar Alhaji ce har gobe.

Dalilin taron namu shi ne wayar ta tsufa, murya na yankewa a cikinta. Ƙanwarmu da ke aure a Ingila ta aiko da sabuwa, irin wadda ake shafawa, domin Inna ta riƙa ganin jikokinta biyu da ba ta taɓa ɗora ido a kansu ba. Hujjar ƙannenmu mai ƙarfi ce. Tun 2016 WhatsApp ke ba da damar a yi magana ana ganin juna, gani kuwa ya kori ji. Bugu da ƙari, Inna ba ta yi boko ba, amma saƙon murya bai bukatar karatu. Ga shi kuma shekaru sun ja, idan ciwo ya tashi da dare, gara a ce waya na gefen matashinta.

Duk da haka zuciyarmu ba ta kwanta ba, kuma a matsayinmu na masu nazarin harshe, sunayen wayoyin biyu ne suka fara tsaya mana a rai. Bahaushe ya kira ta farko girke, watau da kalmar da yake ɗora tukunya a murhu, abin da kowa a gida zai ci daga cikinsa. Ta biyu ya kira ta tafi-da-gidanka. To, wane gida ake tafiya da shi? Wanda ya kira wayar girke gida ya kira, dole ya yi sallama ga duk wanda ya tarar, ko da ba shi yake nema ba. Ta haka kawunnanmu na Kano suka san muryoyinmu tun kafin su san fuskokinmu. Wanda ya kira ta hannu kuwa mutum ɗaya ya nufa, kamar baƙon da ya tsallake zaure ya faɗa ɗaka. Mun lura a gidajenmu na yanzu 'ya'yanmu kan yi shekara ba su gaisa da aminanmu ba, alhali kullum muna magana da su.

Da gardama ta yi tsawo sai muka mayar da maganar ga mai ita. Muka ce, “Inna, ku za ku raba mu. A bar tsohuwar ko a kawo sabuwar?”

Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, “Ku kunna in ga 'ya'yan nan tukuna.”

Aka kunna. Da fuskar ƙaramin ta bayyana, ta matso da wayar kusa da idonta, ta daɗe tana kallo, ta ce goshin Alhaji ne sak. Babu wanda ya ƙara tayar da zancen hujja a wannan dare.

Washegari muka tarar ta sa an ɗauke tsohuwar an adana a cikin adakarta, ta jingina sabuwar a kan teburin, ta lulluɓe ta da ƙyallen nan. Muka ce ai wannan ta ɗauka ce, a ɗaki ya kamata ta kwana. Ta ce, “Waya ba ta kwana a ɗakina ba Alhaji na da rai, ba kuwa za ta fara yanzu ba. Duk wanda ya ji ta yi ƙara ya ɗauka.”

Batun dare bai daina damunmu ba, don haka muka sa wata jikarta ta riƙa kwana tare da ita. A makon jiya da muka kira, ɗan maƙwabta ne ya ɗauka. Sai da ya tambaye mu gajiya da iyali, sannan muka ji takun ƙafarsa yana gudu yana kiran Inna.