Ɗan Damben da Ba a Yi wa Waƙa Ba

Sa'ad da malaminmu na adabin baka ya umurce mu da kowa ya koma garinsu ya tattaro tarihin wani gwani, ban yi wata-wata ba na zaɓi kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda a zamaninsa ya yi tashe a fagen dambe a ƙasar Gezawa. Zatona aikin mako guda ne.

Na tashi ina jin labarinsa. Mahauci ne ɗan mahauci, kamar yawancin 'yan damben da. Da an cire gyaɗa an sa gero a rumbu, sai ya rataye layunsa, shi da abokansa da mai kalangu, su nufi Jogana ko Minjibir, wani zubin har Kano. Da yamma a share fili, a naɗe masa hannun dama da zare tamau, makaɗi ya kama takensa, shi kuwa ya yi kirari ya fito. Turmi uku ake yi; wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan. Mahaifiyata ba ta taɓa zuwa kallo ba, amma ta ce daga cikin gida takan gane ya yi kisa, saboda yadda ihun yake tashi.

To, da na zauna gabansa da alƙalami, sai abin ya faskara. Na ce, "Kawu, wace shekara kuka fara?" Ya ce shekarar da kwari suka lalata gyaɗa. Mutum nawa ya kashe? Ya yi dariya, ya ce wa ke ƙirgawa? Tsofaffi biyu da na tambaya suka saɓa a kan wanda ya buge shi a karonsa na ƙarshe, har suka kusa ɓatawa.

A nan ne na lura da wani abu. Shago da Ɗandunawa, waɗanda ko yaro ya san su, bakin Ɗan Anace ne ya raya sunansu, rediyo kuma ta yaɗa. Makaɗin kawuna kuwa ba a taɓa ɗaukar muryarsa ba, ya rasu da waƙoƙinsa. A wasu ƙasashe takarda ce ke wannan aiki. Alal misali, Meryl Davis ta Amurka, gwanar rawa a kan ƙanƙara, an san ta fara da abokin rawarta Charlie White a 1997, sun ci azurfa a wasannin Olamfik na 2010, zinariya a 2014. Ba ma sai an je nesa ba: a Nijar an rubuta cewa Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin kokawa na farko a Tawa, a 1975. Ban ce kawuna ya kai waɗannan ba, amma ko wanda bai kai ba, a can yana da layi guda a littafi.

Abin da na samo bai cika shafi biyu ba, kuma rabinsa "an ce" ne. Ranar da zan komo makaranta ya kira ni ɗakinsa, ya zaro tsohon zarensa daga cikin tukunya, ya yi baƙi ƙirin don gumi da daɗewa. Ya so ya nuna mini yadda ake naɗi, amma yatsun sun ƙi dunƙuluwa. Sai ya miƙo mini, ya ce in kai wa malamin.