Haruffan Hausa a Cikin Kayan Gina Manhaja

Ɗalibin ilimin harshe da ya ƙudura niyyar saka ƙamus a cikin salula yakan ɗauka cewa wahalarsa ta ƙare a wajen tattara kalmomi. Sai ya zauna gaban kwamfuta ya tarar da wani aikin na jiransa, wato girka kayan da ake gina manhaja da su. Ga wayoyin Android, ƙofar shiga ita ce Android Studio, wanda kamfanin Google ya saki cikakken sigarsa ta farko a shekarar 2014. Tare da shi ake sauke tarin kayan da ake kira SDK: mai harhaɗa manhaja, da mai sada kwamfuta da waya, da wayar kwaikwayo ta gwaji.

Wannan mataki yana cin haƙuri. Fayilolin suna da nauyi, ginin farko ma yana buƙatar intanet domin Gradle ya ɗebo sauran abin da ya rage, ga kuma wutar lantarki da kan ɗauke ana tsakiyar aiki. Wayar kwaikwayo tana cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta, don haka mai ƙaramar na'ura gara ya yi gwaji da salularsa. Idan ya taɓa lambar sigar wayar sau 7 a cikin saituna, sashen masu gina manhaja zai buɗe, ya haɗa ta da kwamfutar ta igiyar USB.

Daga nan ne karatunsa ke fara amfani. Android yana ajiye duk rubutun da mai waya zai gani a fayil mai suna strings.xml, kowane harshe da jakarsa. Ta Hausa ita ce values-ha, kuma ana iya ware ta Nijar da sunan values-ha-rNE. Wannan rabuwa tana da tushe: ƙa'idar rubutun da Nijar ta tsayar a 1999 tana rubuta ƴaƴa, ta Najeriya kuwa 'ya'ya. Wanda bai ware jakar Nijar ba, ya bar yaron Tawa yana karanta rubutun da ya saɓa wa wanda malaminsa ya koya masa.

Alhamza ma tana da nata tarko. A cikin strings.xml alamar da ke tsakiyar sa'a da jama'a tana da wata ma'ana ga na'ura, dole a sa mata karkatacciyar sanda a gaba, in ba haka ba ginin ya tsaya. Mai gaggawa yakan share ta ya huta, sai baƙi guda na harshen ya salwanta.

Sai jerin kalmomi. Unicode ya bai wa kowane harafi lamba: ƙ tana da 0199, ƴ 01B4, ɓ 0253, ɗ 0257. Dukkansu sun fi lambar z girma. Idan aka bar na'ura ta jera da lamba kawai, ɓera da ɗaki da ƙasa za su koma bayan zomo, mai neman kalma ya zaci babu ita. Maganin yana cikin kayan, amma sai an umarci manhajar ta bi tsarin jeri na Hausa, wanda ke ajiye ɗ bayan d, ƙ bayan k.

Injiniyan da bai karanci ƙa'idar rubutu ba yana iya wuce waɗannan matsaloli bai lura ba, domin a idonsa manhajar tana aiki. Ɗalibin harshe kuwa zai gane su da kallo ɗaya. Saboda haka ya dace ya san yadda ake girka kayan da hannunsa, ko kuwa ya zauna kusa da mai girkawa tun ranar farko, kafin a zuba kalmomi dubbai a kan tsarin da gyaransa zai yi wuya daga baya.