Ranar Da Muka Ɗauko Mazo Daga Daji

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin maharbi ya shigo gari da nama a kafaɗarsa, yara suna binsa suna shewa. Yawancin mutane tambaya ɗaya suke yi masa: "Yaya aka yi ka harbe shi?" Da wuya ka ji an tambaye shi yadda ya fito da naman daga daji. Ni ma ban taɓa tunanin wannan ba sai ranar da nauyin ya hau kafaɗata.

Abin ya faru ne da hunturu, a farkon shekarar 1997, watanni kaɗan bayan an ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka mai da garinmu Lafiya babban birninta. Shekaruna goma sha biyar a lokacin. Matar kawuna ta haihu, saura kwana biyu suna. Ya sayi ragon suna da kyar, amma babu kuɗin naman da za a yi wa baƙi miya. Kawu manomin doya ne, idan an gama kaka kuma sai ya ɗauki bindigarsa ta toka ya shiga daji. Ya ce in raka shi.

Tun kafin asuba muka hau kekensa muka bi hanyar Obi. Muka ajiye keken a ƙauyen wani manomi abokinsa, muka shiga daji da ƙafa. Ya ba ni adda da wuƙa da wani tsohon tsumma. A hanya ya tsaya gindin kargo, ya ɓare ɓawonsa dogaye dogaye, ya naɗe ya sa a jaka. Na ce, "Kawu, ai ba mu sami komai ba tukuna." Ya ce, "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ita ce igiyarmu."

Da gari ya waye muka isa wani kurmi a bakin rafi. Nan mazo yake son zama, domin dabba ce mai son duhuwa da kusancin ruwa. Jikinsa ja ne, da fararen zane da ɗigo, namijin kuma yana da ƙaho murɗaɗɗe. Kawu ya harbi namiji guda, ya yi sauri ya ambaci sunan Allah ya yanka shi. Da ya juya zai sari itace, sai murna ta ɗebe ni. Na kama ƙahonin na shiga jan mazon a ƙasa, bisa tsakuwa da kututturen ciyawar da wuta ta ci. Kafin Kawu ya daka mini tsawa, gashin gefe ɗaya na fatar ya riga ya goge.

Bai buge ni ba. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ja a ƙasa yana ɓata fata, fatar kuwa kuɗi ce a wurin dukawa, ko kuma a jeme ta a yi buzu. Yana kuma sa ƙasa da toka su shiga inda aka yanka, naman ya ƙazantu. Daga nan ya koya mini hanyoyi uku na fito da nama daga daji. Girman dabba da nisan gida su ke nuna wa maharbi wadda zai bi.

Hanya ta farko ta ƙaramar dabba ce, kamar gada, wadda ba kasafai take wuce kilo 25 ba. Ana haɗa ƙafafunta huɗu a ɗaure, a rataya ta a kafaɗa kamar jaka. Wani kuma ya saɓa ta a wuya, ya riƙe ƙafafun gaba da hannu ɗaya, na baya da ɗaya. Idan tafiyar da nisa, sai ya naɗa gammo ya ɗora ta a ka. Lura da waɗannan kalmomi, ɗalibi: ana rataya abu da igiya, ana saɓa shi a kafaɗa, ana ɗora shi a ka, ana kuma kinkimar abu mai nauyi da hannu biyu. Duk ɗauka ce, amma kowace da wurinta.

Hanya ta biyu ta matsakaiciyar dabba ce, kamar mazonmu. Da farko ana farke ciki a fitar da tumbi da hanji. Wannan yana rage nauyi, yana kuma hana nama saurin ruɓewa, domin daga kayan ciki wari yake farawa. Ana ware hanta da zuciya a ƙunshe su a ganye, a cusa ɗanyen ganye a cikin dabbar saboda ƙudaje. Sannan a ɗaure ƙafafun gaba wuri ɗaya, na baya wuri ɗaya, a zura ɗanyen itace mai kauri a tsakaninsu. Busasshen itace yana iya karyewa a hanya. Ana ɗaure kan a jikin itacen don kada ya riƙa lilo. Mutum biyu suke ɗauka, ɗaya a gaba ɗaya a baya.

Hanya ta uku ta babbar dabba ce, kamar gwanki, wanda yake iya wuce kilo 250. Shi ba a ɗaukarsa ɗungurungum. A nan inda ya faɗi ake feɗe shi, a yanka gunduwa gunduwa, a aika gari a kira mutane. Idan gida ya yi nisa, maharba sukan kafa 'yar rumfa ta itace, su hura wuta a ƙarƙashi, su kyafe naman ya zama banda. Banda ba ta da nauyin ɗanyen nama, kuma tana daɗewa ba ta lalace ba.

Muka ɗaure mazon, na naɗe tsumman nan a kafaɗata, muka ɗauka. Ni ne a gaba. Da farko na ji abin da sauƙi. Da hantsi ya yi, itacen ya soma cin kafaɗata, gumi yana shiga idona. Wajen haye wani kwazazzabo ƙafata ta zame, na durƙusa, gwiwata ta fashe. Na fashe da kuka na ce, "Kawu, don Allah mu yanki cinya biyu mu bar sauran."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, mun ɗauki ran dabbar nan. Idan muka bar ta ta ruɓe, mun yi almubazzaranci, kuma Allah zai tambaye mu." Ya gaya mini cewa yana saurayi ya taɓa yin ido huɗu da gwanki, bindiga a hannunsa, amma ya bar shi ya wuce, domin shi kaɗai ne kuma gari da nisa. Ya ce maharbin kirki yana auna hanyar komawa kafin ya ɗana kunama.

Muka huta a inuwa, muka sauya kafaɗa, muka ci gaba da gajerun taku. Sai na ji kayan sun yi mini sauƙi, na ɗauka hutun ne. Da azahar muka iso ƙauyen. Kawu ya yanke ƙafar gaba ya ba abokinsa, domin a wurinsa duk wanda ya taimaka yana da rabo. Muka ɗaure sauran a bayan keke, muka turo shi har gida. Ranar suna baƙi suka ci tuwo da miyar nama, matar kawu ba ta ji kunya ba.

Sai bayan shekaru, ina karatun zama malami, na gane abin da ya faru a inuwar nan. Idan mutum biyu suka ɗauki kaya a itace, wanda kayan suka fi kusa da shi shi ya fi jin nauyi. Kawu ya zame mazon zuwa wajensa ina baya-baya da shi, bai kuwa taɓa faɗa mini ba.

Yau abubuwa sun sake. Babur ya maye gurbin keke, maharbi yana kiran 'yan uwansa da wayar hannu. Gonaki sun cinye dazuzzuka da yawa, manyan namun daji sun yi ƙaranci. Tun 1985 Najeriya take da dokar kare dabbobin da suke fuskantar ƙarewa, kuma an hana farauta a gandun daji irin na Yankari a Jihar Bauci da na Pandam a Jihar Filato. Saboda haka, idan ka girma ka bi maharba, ka fara sanin abin da doka ta hana. Kada ka ɗauki mushe, ka kuma wanke hannunka da sabulu bayan ka taɓa jini, domin wasu cututtuka daga namun daji suke kama mutum.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Fatar mazon nan kuwa an jeme ta, ya yi shekaru yana salla a kanta. Yanzu tana ɗakina, kuma har yau ana ganin gefen da na goge.