Idan Tsohuwar Kwamfuta Ta Daina Magana

Yawancin kwamfutocin da ke makarantunmu da shagunanmu na zango 'yan gwanjo ne, waɗanda aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema bayan masu su na farko sun gama cin moriyarsu. Suna aiki daidai gwargwado, amma akwai cutar da ta fi damunsu, wato a kunna hoto ya fito sarai, sauti kuwa ko ƙis. To, sau da yawa ba abin da ya ƙone, kuma bai kamata a bar mai gyara ya share komai saboda wannan ba.

Na san haka ne ta kan wadda ke ofishin Islamiyyar unguwarmu, mai Windows XP. A cikinta aka juye karatun marigayi malaminmu daga kaset, kaset ɗin kuwa tuni yawancinsu suka lalace. Da ta yi shiru sai wani mai gyara, ko murfi bai buɗe ba, ya ce sai an yi mata fomat. Na roƙi hedimasta ya ba ni ita tukuna, kuma kafin in taɓa komai sai da na kwashe karatun a filas.

Abin dubawa na farko ba wuya. Wayar lasifika koren rami take shiga, mai ruwan hoda na makirfo ne. Sannan a leƙa BIOS, domin wani mai ita na da yakan kashe sautin cikin gida idan ya sa kati na daban, ya kuma zare katinsa kafin ya sayar.

Daga nan sai maganar direba, wato 'yar manhajar da ke yi wa Windows tafinta da na'urar sauti. Idan babu ita, za a ga alamar tambaya rawaya a cikin Device Manager. A nan ne mutane suka fi shan wahala, don suna neman direba da sunan da ke jikin akwati, alhali akwatin gwanjo ba abin yarda ba ne, sau da yawa an riga an canza masa ciki. A cire wuta, a buɗe, a duba ɗan baƙin cif da ke kusa da ramukan sauti. Idan an ga zanen ƙaguwa, na kamfanin Realtek ne, lambarsa kuma tana rubuce a kai. Iri biyu ne. Akwai AC'97 wanda Intel ta fitar a 1997, kamar ALC650 da ALC655, akwai kuma HD Audio na 2004, kamar ALC883 da ALC888, kuma direban wannan ba ya tuƙa wancan ko an kwana ana gwadawa. Tun da XP ta fito ne a 2001, ta girmi HD Audio, saboda haka mai SP2 sai an fara sa mata facin Microsoft mai lamba KB888111 kafin direba ya zauna. SP3 ta 2008 ta zo da shi a ciki.

Tamu ALC655 ce. Direba ya zauna lafiya, alamar tambaya ta ɓace, na kunna karatu ina ganin lokaci yana tafiya, amma shiru kake ji. Ashe matsalar tana jikin madabod. Akwai wasu allurai tara a layi biyu, galibi an rubuta F_AUDIO a gefensu, inda ake haɗa ramukan gaban akwati. A yawancin allunan AC'97, sauti sai ya bi ta nan kafin ya kai ramin baya. Idan ba a haɗa wayar gaba ba, dole a rufe allura ta 5 da ta 6, da ta 9 da ta 10, da 'yan hulunan roba masu ƙarfe a ciki. Tamu wayar gaban ta tsinke, wani ya zare ta ya bar alluran tsirara. Na ciro huluna biyu daga bayan wasu matattun na'urorin CD na dasa, sai ga muryar Malam tana jan baƙi. Hedimasta ya daɗe bai ce uffan ba.

Wanda zai nemi direba, ya sauke shi a wata kwamfutar ya kawo a filas, domin Microsoft ta daina kula da XP tun Afrilun 2014, shiga intanet da ita kasada ce. Idan kuwa cif ɗin ne ya mutu da gaske, wanda yakan faru inda wuta ke rawa, akwai ɗan katin sauti mai shiga ramin USB, bai fi babban yatsa ba, XP tana gane yawancinsu ba tare da an sa direba ba.