Rawar sandar Turawan Ingila da takkai ɗinmu



A zaman da muka yi na shirin wasan Sallah, wani matashi ya miƙo mana waya ya ce mu ga abin mamaki. Turawa ne su shida cikin fararen kaya, an ɗaura musu ƙananan ƙararrawa a ƙwauri, kowa da sandarsa, suna tsalle suna haɗa sandunan daidai da kiɗa. Muka yi ta dariya. Wani dattijo ya ce, "Ai wannan takkai ce aka sa wa farin wando."

Sunanta Moris, tsohuwar rawa ce ta mutanen Ingila, an ambace ta a rubuce a Landan tun 1448. Wata ana yin ta da sanda, wata da hankici, kuma kowace da kiɗanta. Akwai wadda suke kira Bean Setting, wato shukar wake, inda suke dukan ƙasa da bakin sanda kamar mai saran shuka.

Dariyarmu ta tsaya ne da muka bi labarin. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 ƙauyuka da yawa sun daina yin ta. Ranar 26 ga Disamba 1899, wasu ma'aikata daga Headington Quarry, kusa da Oxford, waɗanda sanyi ya hana aiki, suka fito rawa ba a lokacinta ba don su sami na cefane. Wani malamin kiɗa, Cecil Sharp, ya gan su. Washegari ya zauna da makaɗinsu, William Kimber, wanda birkila ne, yana kaɗa ɗan akwatin nan da ake matsawa da hannu biyu, shi kuma yana rubutawa. Kiɗan ya fara kamawa, takun rawar ya biyo baya, littafin ya fito a 1907. Yau ana rawar har Amurka da Ostareliya.

To mu fa? A duk unguwar nan makaɗin takkai ɗaya ya rage mana, ya haura saba'in, kuma bara ma bai iya tsayawa har ƙarshen wasa ba. Yaranmu da aka haifa nan kudu ba su san inda ake haɗa sanda ba, don kiɗan ne ke faɗa wa mai rawa, su kuwa ba su taɓa jinsa sosai ba. Laifinmu ne, mun fi ba hayar lasifika muhimmanci.

Mun je mun roƙi Baba, ya amince. Lahadi mai zuwa bayan La'asar za mu ɗauki kiɗansa a waya a harabar ofishin ƙungiya. Kowa ya zo da ɗansa, da sanda mai ƙwari.